Ƙofar Da Mutari Ya Kawo Wa Gwaggo

Masu cewa na cika taurin kai, na ga saƙonninku, na kuma gode. Wata ma cewa ta yi da ita ta haife ni da tuni ta fasa min baki. To baiwar Allah, gyara zama ki ji abin da ya sa na yi abin da na yi, in kin gama sai ki zo ki fasa, bakin yana nan.

Saboda sabbin zuwa, sunana Hajara, a gida Hajjo. Mu ƴan Birni ne a nan Damagaram, amma kakanninmu daga Barno suka taso, kuma sana'ar da suka zo da ita muke ci har yau, wato turaren wuta da humra. Butik ɗinmu yana kan hanyar kasuwar Dole. Gwaggo Gana, yayar mahaifina, ita ce mai butik, ita ce mai gida, ita ce kuma mai cewa a yi ko a bari tun da Baba ya rasu. Iya, mahaifiyata, ita ke suyar turare. Sai Fanta, ƴar ƙanin Baba, da ke hawo kabu-kabu daga Kara-Kara kullum safe tana taya ta. Ni ina gaba wajen masu saye, in aiki ya yi yawa in shiga ciki.

Sai kuma Mutari. Allah sarki Mutari. Ɗan Zango ne, dogo, baƙi, mai wushirya, yana da kankayeri inda yake sayar da ƙofofi da kwaɗuna da fenti da ƙusoshi. Ina son shi, ban taɓa ɓoye muku ba, kuma yau ma ba zan ɓoye ba. An sa mana rana, an kawo balis, wato lefe, akwatuna jere a ɗakin Gwaggo an lulluɓe su da zanen gado, ƴan uwa na ta zuwa gani suna sa albarka.

A bayan butik akwai wani ɗan ɗaki da muke ce wa ɗakin haɗi. Can ake narka suga, a zuba itacen hawi da sandal, a bi su da madarar turare ana juyawa a kan wuta. Ɗakin yana da doka tun zamanin Kaka: turare ba ya son ido. In za a ɗora tukunya, masu aiki su shiga, a ja ƙofa, a kulle ta daga waje, makulli ya zauna hannun babbar gida har a sauke. Wai don kada wani ya leƙo ya ga abin da ake fara zubawa da abin da ake rufewa da shi, kuma kada ƙamshi ya gudu. Haka na tashi na tarar, ban taɓa tambaya ba. Ba kuma wanda ya taɓa damuwa, don ƙofar ta katako ce, gara ta gama da ita, ko akuya ta tunkuye ta sai ta wangale.

Rannan Mutari ya zo gaisuwa ya ji Gwaggo tana mita, wai maƙwabciyarmu mai sayar da humra tana leƙe ta tsagar katako. Mutumin naku kuwa mai neman shiga ne. Kwana kaɗan sai ga amalanke da ƙofar ƙarfe sabuwa fil, shuɗiya, da kwaɗo kamar kan jariri, har da sandunan ƙarfe da aka gicciya wa ƴar tagar ɗakin. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta ce wannan ba suruki ba ne, ɗa ne. Ni ma har hoto na ɗauka na tura wa ƙawayena ina yanga. Ku yi min dariya, na cancanta.

Wata Laraba da hantsi muka shiga mu uku, ni da Iya da Fanta. Gwaggo ta datse kwaɗo, ta ɗaure makulli a bakin lafayarta, ta ce za ta leƙa barkar haihuwa a layin baya, yanzu za ta dawo. Kun san yanzun mata a gidan barka.

Suga ya narke, itace ya shiga, Iya ta ɗauki kwalbar turare tana tsiyayawa. Ban san yadda aka yi ba, ko wutar reshon ce ta yi yawa, ko turaren ne ya zubo ta gefe. Sai na ji fuu, tukunya ta kama. Fanta ta ruɗe, ta wawuri buta ta watsa ruwa. Wayyo. Ashe ruwa a kan mai ƙarin masifa ne, wutar ta yi tsalle har rufin ɗaki, ta fantsamo wa Iya a hannu. Bisa kanmu kanta ce cike da kwalaben turare, gefen ƙafar Iya kuma butel ɗin gaz. Na durƙusa na murɗe kan butel ɗin. Iya ta fizgi murfin ƙarfe ta kifa a kan tukunya, ta ɗora jiƙaƙƙen buhu, ta danne da hannun nan da ke ƙuna.

Wuta ta mutu, hayaƙi ya ƙi fita. Baƙi ne, mai kauri, mai zaƙi, irin wanda ke liƙe wa mutum a maƙogwaro. Fanta ta ɗauki babban ludayin ƙarfe tana dukan ƙofa tana kiran Gwaggo, ni ina tura baki tsakanin sandunan taga ina ihu, Iya ta zauna a ƙasa tana tari tana salati. Ba wanda ya zo. Daga baya mai shayin gefenmu ya ce ya ji bugu, amma ya ɗauka dakan farce da ƙaro muke yi kamar kullum.

Lokacin da Gwaggo ta buɗe, da ƙullin goro da cincin a hannunta, rarrafe muka fito. Zan faɗi gaskiya a kanta, don ba na son ku ɗauke ta muguwa. Da ta ga hannun Iya daga wuyan hannu zuwa gwiwa ya saluɓe, ƙullin ya faɗi, ita da kanta ta tare mota ta kai ta likita, tana kuka tana cewa Allah ya sa a ce ita ce. Amma a can ta ce wa masu duba ta ruwan zafi ne a madafa. Da muka dawo gida ta tara mu a ɗakinta, gaban akwatunana.

"Maganar nan ta mutu a nan," in ji ta. "Gidan da ake shirin biki a ce wuta ta tashi? Gobe za ku ji an ce amarya farar ƙafa ce. Jibi a ce turaren Gana ƙonanne ne. Ko Mutari kada ya ji."

Iya ta sunkuyar da kai ta ja lafaya ta rufe hannu. Haka Iya take, ko an taka ta ita ke ba da haƙuri.

Ni kuwa ba ita na biyo ba. Washegari na ce zan je wajen tela, na zarce barikin pompiye, masu kashe gobara. Na shiga, ni da ban taɓa magana da mai kaki ba. Aka haɗa ni da wani babbansu, ajidan mai furfura, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni ina butel ɗin gaz yake zama, na ce cikin ɗaki. Kwalaben turare fa? Na ce bisa kan murhu. Ya girgiza kai ya ce to ƙofa nawa ce, kuma ciki take buɗewa ko waje?

"Ɗaya ce, ciki take buɗewa. Kuma daga waje ake kulle ta."

"Bayan an tashi aiki?"

"A'a, muna ciki."

Ya cire tabarau ya kalle ni. "Ƴata, sadaka kuka yi mai kyau a wani wuri, shi ya sa kike zaune a nan."

Ya kai ni tsakar bariki ya ɗauko jan tulun nan na kashe gobara, ya nuna min yadda ake zare ƙusar kansa, a saita bakin a gindin wuta, ba a harshenta ba, a matsa ana kaɗawa. Ya sa na yi da hannuna har na iya. Ya ce wutar mai ba a ba ta ruwa, rufe ta ake yi, ko a zuba mata yashi. Gaz ya koma waje a jawo tiyo, turare ya bar kusa da murhu, in abu ya fi ƙarfinmu mu kira lambarsu, sha takwas, tun kafin mu fara kuka. Da zan tafi ya sake kirana.

"Duk abin da na faɗa miki, in ƙofa a kulle take, wasa ne. Ki fara da ƙofa."

Na dawo na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince kajiji a faranti. Na durƙusa na zayyana mata komai, cikin ladabi wallahi, har da sassauta murya.

"Wato tela ya koma sa kaki," ta ce ba ta ɗago ba. "Kin kai sirrin gidanmu bariki."

"Gwaggo, ban faɗi abin da ake zubawa ba. Yadda za mu fita na tambaya."

"Yashi, a kawo. Bokiti nawa kike so? Gaz ɗin ma a fitar, na yarda, na ga abin da na gani. Kwalabe a sauya musu wuri." Ta ajiye farantin. "Amma ƙofa, Hajjo, ki fita hanyarta. Da sirrin ɗakin nan uwata ta riƙe mu, da shi na riƙe ku bayan ubanku. Ranar da aka bar shi buɗe, ranar kowace mai kasko a garin nan za ta zama Gana. Sai ku ci me?"

"To ki bar makulli ciki, mu kulle da kanmu."

"Babbar gida ke riƙe makulli."

"To ki zauna a bakin ƙofar har a sauke."

"Ni za ki kafa wa gadi? Masu saye fa, ke za ki sallame su daga cikin hayaƙi? Sau ɗaya aka yi, ƙaddara ce, ta wuce."

Na tashi zuciyata na tafasa. Na shiga ɗaki na jawo salula, wayata, na karya dokar kada Mutari ya ji. Na rubuta wa Mutari komai, har hannun Iya. Kafin in ajiye ya kira, yana ta innalillahi, yana tambaya ko ni ma na ƙone. Na ce ni lafiya lau, tari kawai. Da safe sai ga jajayen tuluna har biyu an kawo butik, sabbi a leda. Gwaggo ta kalle su ta kalle ni, ta gane na faɗa, ta yi ƙwafa ta shige.

Sai ga mesaj ɗinsa: "Ranki ya daɗe, sun iso? Manya na zaɓo. Ɗaya ciki ɗaya waje."

Na ce: "Sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Ƙofa fa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Can ya turo: "Hajjo, kyauta na ba Hajiya. Da wane baki zan je in ce ta ba ni abina? Ki bari a ɗaura, washegari zan san dabarar da zan yi."

"Wutar ce ta ce maka za ta jira ɗaurin aure?"

"Haba tawan. Kada ki ɓata mana abin da muka daɗe muna jira."

"Washegarin ɗaurin aure ina gidanka ina shan fanka. Iya tana ina?"

Ya turo min hoton zuciya da hannuwa biyu na roƙo. Na kife salular. Ku masu cewa ai ya yi ƙoƙari, na sani, ya yi. Amma a ranar na ji haushinsa kamar in yi ihu, don shi ya kafa ƙofar nan, kuma shi kaɗai Gwaggo ke jin kunya.

A danginmu amarya ba ta fita sai da turarenta, wanda aka soya musamman a ɗakin haɗi, kuma uwar amarya ce ke juya tukunya da hannunta. Babbar tukunya ake ɗorawa, turaren da ake zubawa ya ninka na kullum, wuni ake yi. In babu turaren nan, babu kai amarya, ko liman ya shafa fatiha. Gwaggo ta sa ranar Asabar. Na ce mata hannun Iya bai warke ba, ta ce da hagu za ta juya, Fanta ta taimaka. Iya ta ce ba komai, za ta iya.

Asabar da safe na yi wanka na ɗauko atamfata mai ganyen kuka, riga da zane, na naɗa lafaya ruwan ƙwai a kai, na sa kwalli, na sa ɗan kunnen da Baba ya saya min. Fanta ta ce wannan kwalliya kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Na ce mata yaƙi za ni, kuma ba na zuwa yaƙi da tsumma.

A butik an shirya komai. Gaz yana waje an zuro tiyo ta taga, bokitin yashi a kusurwa, jan tulu a rataye jikin bango, kwalabe sun koma ɗakin gaba sai waɗanda za a yi aiki da su. Iya ta shiga, hannunta naɗe da farin ƙyalle. Fanta ta bi ta tana waiwaye, don tun ranar nan ko ashana aka ƙyasta sai ta zabura. Gwaggo ta kwance makulli daga bakin lafaya ta kama ƙofa za ta ja.

Na tattare zanena na zauna daram a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Meye haka?"

"Zama na yi, Gwaggo."

"Budurwa a dokin ƙofa? Ana saura kwanaki aurenki? Tashi, kada ki jawo wa kanki abin da ba ya da magani."

"In za a soya da ƙofa buɗe, zan tashi in tsaya in juya wa ɗakin baya, in kore duk mai leƙe. In za a kulle, sai dai a kulle da ni a tsakiya."

Iya ta ce a hankali, "Hajjo, don Allah."

"Iya, ki yafe min. Yau ba zan ji ba."

Gwaggo ta kama hannuna ta ja, na riƙe bango. Ta yi zagi da Hausa, ta koma Barbarci, wanda ba ta yi sai ranta ya kai maƙura. Masu saye biyu da ke gaba suka miƙo wuya, ta je ta sallame su ta sauke labule. Ta dawo tana huci.

"To ji nan. Ba a soya turaren amarya a buɗe, ba a taɓa yi ba. In ba ki tashi ba babu turare, in babu turare kin san sauran."

"Na sani."

"Kin sani." Ta jinjina kai. Ta zaro salularta daga jaka. "Bari in kira wanda zai ɗauke ki, ya zo ya ga abin da zai kai gidansa."

Ba a jima ba na ji tsayuwar motonsa, babur ɗin da na san ƙararsa. Ya shigo cikin farar shadda mai aiki a wuya, hula zanna ta zauna daidai, ashe daga ɗaurin auren abokinsa aka tsamo shi. Ƙamshin turaren da na haɗa masa da hannuna ya riga shi isowa, zuciyata ta yi wani irin lugude, na ce mata ke natsu. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya gaida Iya daga nesa kansa a ƙasa.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Turarenku za a soya ta hana. Ka yi mata magana, wataƙila kai tana jin taka."

Ya matso ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya. "Hajjo, ki rufa mana asiri. Yau kaɗai. Ga tulu, ga yashi, ni kuma zan zauna a waje har a gama, ba inda za ni."

"Makulli yana hannunka?"

Ya kalli hannun Gwaggo.

"Gobe fa? Jibi fa? Za ka rufe kankayeri ka dawo gadin Iya?"

"Na ce miki bayan biki..."

"Mutari, ka taɓa ganin bayan ƙofar nan tun da ka kafa ta?"

Ya ce a'a. Maza ba sa shiga ɗakin haɗi, ranar kafawa ma sai da aka kwashe komai. Na ɗan karkata na ja ƙofar ta rabu da bango, hasken waje ya faɗa a kan cikinta. Fanta ta kauda kai.

Shuɗin fentin ya koma baƙi daga sama. Daga tsakiya kuma duk ya lotse, rami kusa da rami, inda ludayi ya ci ƙarfe. Ƙasa da su akwai shatin yatsu a cikin baƙin hayaƙin, dogaye, sun gangara har ƙasa. Nawa ne ko na Fanta, ban sani ba.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan ramukan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da ya juyo wajen Gwaggo idonsa ya kaɗa.

"Hajiya, ina neman alfarma. A ba ni izini in juya ta ta riƙa buɗewa waje, in cire kwaɗon in sa sakata ta ciki. Ba wanda zai leƙa, na yi alkawari. Yau ɗin nan zan gama."

Na ɗauka za ta yarda, wallahi na ɗauka. Amma a gaban Iya, a gaban Fanta, ga ni zaune na ƙi tashi, ga suruki yana gyara mata doka, Gwaggo ba za ta iya ba. Na ga lokacin da fuskarta ta rufe.

"Mutari, ƙofar nan kyauta ka ba ni ko aro?"

"Kyauta ce, Hajiya."

"To mai kyauta ba ya dawowa ya ce ga yadda za a yi da ita. In ka taɓa ta, ka karɓi abinka ke nan. Wanda kuwa ya karɓi ɗaya ya karɓi duka. Akwatunanka za su bi ta yau, kafin la'asar."

Kun san Gwaggo ba ta mayar da magana, kuma Baffa, wanda zai ba da aurena, ko tari ba ya yi sai ya kalli fuskarta. Mutari ya sani, ni ma na sani. Ya juyo ya kalle ni, kallon nan nasa mai sa in manta abin da nake faɗa. Kalma ɗaya yake jira. Da na ce bari, da yanzu ina nan ana yi min dilka da lalle.

Na kalli farin ƙyallen hannun Iya.

Na ce, "Cire."

Ya cire hula ya miƙa wa Fanta, ya naɗe hannun riga, ya ce ta ba shi taɓarya. Irin ƙofar nan ce da ake ɗagawa sama ta fita daga maƙalanta. Ya zura taɓaryar a ƙarƙashi, ya sa kafaɗa.

"Hajjo, matsa kada ta buge ki."

Sai a lokacin na tashi. Ya yunƙura, ƙarfe ya yi ƙara, ƙofa ta fito ta kwanto masa a baya. Farar shaddar nan ta sha baƙi daga wuya har ƙugu. Ya fita da ita a duƙe ta cikin butik, ta gaban kwalabe da kaskuna, ya jingina ta a titi ya tsaida amalanke. Duk layin ya fito kallo, har maƙwabciyarmu mai humra.

Gwaggo ta tsaya tana kallon ramin da ƙofar ta bari. Ba ta yi zagi ba. Ta ce, "Yau an tsiraita uwata." Maganar ta soke ni, ba zan yi muku ƙarya ba, don na san ba wasa take ba, haka take ji har ranta. Ta ajiye makulli a kan kantar kwalabe, ta ce a sauke tukunya, ba za a kunna wuta ba yau. Fanta ta samo wani tsohon zane ta rataya a bakin ɗakin.

Kafin la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Gwaggo ta kira mata biyu cikin dangi su raka kaya. Suka tsaya suna jan ƙafa, kowa na jiran a ce an fasa. Na shiga ɗakin na yaye zanen gadon da kaina, na ɗauki babban akwatin, wanda shaddodi da lesuna ke ciki, na ɗora a kai na fita da shi. Ban yi kuka a tsakar gida ba, ban ba kowa wannan daɗin ba. Sai da na koma ɗaki na ga wurin da suke ya zama fili, shatinsu a kan leda, sannan na zauna a ƙasa.

Iya ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta shiga shafa bayana da hannun hagu.

"Kin kashe aurenki saboda hannuna, Hajjo."

"Saboda sauran jikinki ne, Iya."

Ta ja kaina ta ɗora a cinyarta, muka yi kukanmu tare, a hankali don kada a ji.

To baiwar Allah mai fasa baki, kin ji. Ban yi nadama ba. Ina jin ciwo, ciwo sosai, amma in aka mayar da ni safiyar nan zan sake zama a wurin, da atamfar nan, da lafayar nan.

Ana kiran magariba salulata ta yi motsi a ƙarƙashin matashi. Na daɗe ban duba ba, ina tsoron abin da zan gani. Da na buɗe, shi ne.

"Ƙofa ta iso, akwatuna sun iso. Babana ya ce kada in ƙara taka layinku. Kin ci abinci?"

Na share ido da bakin lafaya na rubuta masa: "Ban ci ba. In ka isa, ka kawo min da kanka."

Ya buɗe saƙon, bai ce komai ba. Ni kuma na wanke fuska, na sake sa kwalli, na ɗauki kujera na ajiye a ƙofar gida, daidai inda Gwaggo za ta hango ni daga tagarta.